Shekarar da Ummi Ta Faɗi Jarrabawa

Ranar da tsofaffin ɗalibaina suka shirya mini walima, kai Sadiƙu ka karɓi lasifika ka faɗi maganar da ta hana ni jin daɗin shinkafar da aka zuba mini. Ka ce babanku mutum ne da ya gwammace 'yarsa ta faɗi jarrabawa da fahimta a kan ta ci da dabara, kuma shi ya ƙirƙiro hanyar koyar da karatun Turanci da malamai da yawa suke bi a cikin gari. Aka yi ta tafi. Na hango yayarku Ummi a sahun mata tana gyara mayafi tana murmushi, ko kallona ba ta yi ba. Ban ga laifinka ba, abin da ka taso ka ji ana faɗa shi ka maimaita. Amma ni na san ba haka aka yi ba, kuma shekaruna sun kai inda ba na son in tafi da yabon da ba nawa ba. Don haka zan tsallake jerin makarantun da na koyar, in tsaya a kan shekara guda a gidanmu na Jakara.

A lokacin ina koyar da Turanci a aji shida na firamare, Ummi kuma tana cikin ajina, shekararta goma sha ɗaya. Sunan mahaifiyata Falmata aka sa mata, shi ya sa bakina bai taɓa iya kama sunanta na yanka ba. Mahaifina Malam Bukar yana raye. Kakanninsa daga Borno suka zo, shi kuwa a zauren gidan nan ya tsufa yana biya wa magidanta littattafan fiƙihu, da azumi ya yi tafsiri a masallacin unguwa. Bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, bai kuma taɓa jin cewa ya yi asara ba. Tica yake kirana, da wata irin murya da har ya rasu ban tantance ko yabo ce ko zolaya ba. Ummi kuwa amaryarsa ce, kamar yadda kaka yake wasa da jika, kullum suna cikin rigimar wa ya cinye wa wani dabino.

Abin da na yi suna a kansa shi ne auna fahimta. Za a ba yaro gajeren labari da Turanci, a jero masa tambayoyi a ƙasa, ya amsa cikin ƙayyadadden lokaci. A nan yaran cikin gari suka fi zubewa a jarrabawar shiga sakandare, domin Turancin a aji kawai suke jin sa, da an tashi sai Hausa har gobe. Ni kuwa na gano wata dabara. Nakan ce musu kada su ɓata lokaci wajen karanta labarin. Su fara da tambaya, su ɗauki kalmomi biyu mafi tsawo a cikinta, su ɗora yatsa su bi labarin layi-layi har su ci karo da su, sai su kwafe jimlar tun daga babban baƙi har aya. Sau da yawa amsar tana cikin abin da suka kwafa. Yara suka sa wa abin suna farauta, ni kuma Malam Farauta, kuma wallahi sunan yana yi mini daɗi. A duk ajin babu mafarauci kamar Ummi. Kafin na kusa da ita ya gama fiƙe fensir ta kai tambaya ta biyar. Kowa ya sa rai ita za ta shiga makarantar kwana ta 'yan mata da duk iyayen unguwarmu suke buri, ni kuma har na fara karɓar barka tun ba a yi jarrabawar ba.

Saura wata uku, wata ranar Alhamis bayan la'asar, ta dawo da takardar gwaji ta ci ashirin bisa ashirin. Alfahari ya ɗebe ni, na ce ta zo mu nuna wa Kaka. Muka same shi shi kaɗai a zaure a kan buzunsa.

"Amarya, karanta mini in ji yaren ubanki," in ji shi.

Ta miƙe tsaye ta karanta tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya. Ina gefe ina gyaɗa kai kamar ni na rubuta labarin. A wajen tafsiri akwai mai jan baƙi, wato wanda yake karanto ayar da Larabci, sannan malam ya fassara wa jama'a. Da wannan ma'aunin Baba yake auna kowane irin karatu.

"Masha Allah, an ja baƙi," ya ce. "Saura fassara. Me ya faru a ciki?"

Ummi ta dube ni, ta dubi takardar.

"Akwai masunci, Kaka. Da kwalekwale. Da iska."

"To, madalla. Iskar ta taso, sai me? Ya tsira ko ruwa ya ci shi?"

Yatsanta ya shiga yawo a kan takardar yana neman abin kamawa. Can ta ɗago, da iyakar gaskiyarta ta ce:

"Kaka, ai ba a tambaye mu wannan ba."

Baba ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da idonsa, ya daɗe yana duban jan biron da na yi mata maki da shi.

"Tica, wannan jan da ka zazzana, na mene ne?"

"Alamar ta amsa daidai ce, Baba. Duka ta ci."

"Duka ta ci," ya maimaita a hankali. "Amma ba ta san ko mutumin ya mutu ba."

Ya miƙo mini takardar, ya jawo carbinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, domin zufa ce ta keto mini har cikin hula.

Washegari shi da kansa ya aika aka kira ta da littafinta. Daga ranar, kullum bayan la'asar idan ɗalibansa sun watse, sai ta zauna a gabansa ta ja baƙin jimla ɗaya, ta kife littafin a cinya, ta faɗa masa da Hausa. Idan ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba sai ya ce ta je ta tambayi ƙamus ɗin gidan, ga shi can yana alwala, wato ni. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda yake kama ta alhali bai san yaren ba. Ina jiyo su daga soro.

"Tsaya, amarya. Ɗazu kin ce matar ta tafi kasuwa, yanzu kin ce tana ɗaki tana tankaɗe. Ko dai mata biyu ne, ko kuwa ba ki gane ba. Koma baya."

Ta koma, sai ga shi mata biyu ne, uwa da 'ya. Wani lokaci ya tambaye ta me ya sa wane ya yi fushi, ta ce ba a rubuta ba, ya ce ai ba komai ake rubutawa ba, ta duba abin da aka yi masa kafin nan. Labarin da take gamawa da shi a minti goma a ajina, a zaure sai ya ci su har kiran magariba.

Ba a yi sati uku ba makinta ya fara zubewa. A aji idan na raba takardar gwaji na duba agogo, sai in ga Ummi ta tsaya a kan labarin, leɓenta yana motsi, tana fassara wa kanta. Lokaci ya cika ba ta kai rabi ba. Daga ashirin ta dawo sha huɗu, daga nan ta dawo tara. Hedimasta ya kira ni ofis ya tambaye ni ko yarinyar ba ta da lafiya ne, ya tuna mini cewa da ita makaranta take tunƙaho a bana. Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Akwai kalanda a bangon ɗakina, kullum da safe sai na tsaya na ƙirga kwanakin da suka rage, kamar ƙirgawar za ta ƙara su. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Sau biyu ina yin rafkanuwa a sallah, ina tsaye a sahu zuciyata tana can tana lissafin minti nawa tambaya goma za ta ci. Tsorona biyu ne, kuma kowanne yana cin ɗan'uwansa. Idan ta bi hanyar Baba, lokaci zai ƙare mata ta faɗi. Idan ta bi tawa, za ta ci, ta tafi makarantar da komai da Turanci ake yi, ba ta san ko masunci ya mutu ba.

Ummanku ce ta fara fitar da abin fili. Ina cin tuwo ta zauna a bakin tabarma ta ce:

"Malam, yarinyar nan fa ramewa take yi. Da safe kai ka ce ta yi gudu, da yamma Baba ya ce ta tsaya. Wanne za ta ɗauka? A bari mana ta wuce jarrabawar, in ya so su yi ta fassararsu har shekara. Ka je ka yi masa magana, ni ba hurumina ba ne."

Na kwana uku ina juya yadda zan fara. Da na samu na durƙusa a gabansa, sai na yi ta kewaye-kewaye, ina zancen agogo da yadda masu jarrabawa ba sa jira. Ya bar ni na gama.

"Tica, ni dai idan ɗalibina ya ja baƙi bai san abin da ya ja ba, ba na cewa ya yi karatu. Amma 'yarka ce. Ka ce a bari, yanzu sai a bari."

Ya zuba mini ido yana jira. Kalma ɗaya ce za ta raba gardamar, ko in ce a bari, ko in ce a ci gaba. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce Allah ya ƙara girma, na tashi. Na koma na ce wa Ummanku na yi masa magana, wanda ba ƙarya ba ne, ba kuma gaskiya ba ne. Haka muka ci gaba, da safe ina koyar da farauta a aji Ummi tana zaune a sahun gaba, da yamma tana zaure tana fassara. Na bar yarinya 'yar shekara sha ɗaya da nauyin da ni na kasa ɗauka.

Ranar jarrabawa ni na raka ta. A wata makaranta wajen Ƙofar Nassarawa aka ajiye su. Muka fito da sassafe, muka ratsa lungunan Jakara, 'yan kasuwar Kurmi suna ta buɗe rumfuna. Kafin mu fita ta shiga zaure, Baba ya tofa mata addu'a a ka, ya ce idan ta dawo yana jiran labari. Duk hanyar tana riƙe da fensir biyu da abin gogewa a cikin leda. Sai da muka isa bakin ƙofar makarantar, yara suna ta shiga, ta ja hannun rigata.

"Baba, da wacce zan yi? Taka ko ta Kaka?"

Wannan ita ce gaɓar da kuka taso kuna jin an ce na dafa kanta na ce ta karanta ta fahimta, in za ta faɗi ta faɗi. Ban faɗi haka ba. Na waiga dama da hagu kada wani ya ji, na sunkuya daidai kunnenta na ce:

"Ki yi farauta. Ki manta da Kaka, yau kawai."

Ta dube ni wani irin duba da har yau idan na rufe ido ina ganinsa. Ba fushi ba ne, kamar dai tana auna ni ne.

"To, Baba," ta ce, ta shige.

Na zauna a gindin darbejiya tare da sauran iyaye. Ana ta hira, ni ban san me ake cewa ba. Kunyar abin da na faɗa tana cina, amma a ƙarƙashin kunyar ina addu'a Allah ya sa ta ji maganata. Da aka tashi ta fito cikin na ƙarshe. Na tambaye ta yaya, ta ce lissafi da sauƙi. Na ce Turanci fa, ta ce da sauƙi shi ma, ta kau da kai. Ban sake tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Muna shiga gida ta zarce zaure, ni na tsaya daga bakin ƙofa.

"Amarya, me suka ba ku?"

Sai Ummi ta zauna ta kwashe labarin tun daga farko. Wani mahaƙin rijiya ne ƙasa ta rufta da shi, 'yarsa da ta kawo masa abinci ita kaɗai ta gani. Ta ruga cikin gari, mutane suka ƙi yarda da ita don an san ta da wasa, har sai da ta fito da takalmin uban da ta tsinta a bakin ramin ta nuna musu. Tana faɗa tana kwatantawa da hannu, ba ta tsallake komai ba. Baba ya matso har yana sauka daga kan buzu.

"An fito da shi?"

"An fito da shi, Kaka. Da ransa."

"Alhamdu lillahi," ya ce, kamar maƙwabcinmu ne aka ceto.

Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na san mafarauci ba ya dawowa da labari. Da ta fito na tare ta a soro na tambaye ta tambaya nawa ta amsa. Ta ce huɗu cikin goma, tana ta biyar aka ce a ajiye fensir. Na ce ba na ce ki yi farauta ba? Idonta ya ciko.

"Na sa yatsa zan yi, Baba. Sai na ga ƙasa ta rufta da shi. Ai ba zan bar shi a ciki ba."

Da sakamako ya fito babu sunanta. Ƙawayenta biyu da suke kwafar amsarta a aji suka samu. Ranar da aka fito da akwatunansu za a kai su mota, Ummi tana leƙe ta kafar ƙofa, daga nan ta shige bayan randa ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Ta maimaita aji shida tare da ƙannen ƙawayenta, yaran unguwa suna tsokanarta da uwar aji. Magana kuma ta bazu cewa tsoho ne ya rikita yarinya da karatun zaure. Matan maƙwabta suka faɗa, 'yan'uwa suka faɗa, har a makaranta an faɗa a gabana. Ummanku ba ta taɓa yi wa Baba rashin kunya ba, abincinsa bai taɓa makara ba, amma gaisuwarta ta gajarce, hirar da takan tsaya su yi daga bakin ƙofa ta ɗauke. Kada ku ga baƙinta. Ra'ayinmu ɗaya ne ni da ita a lokacin, ita ce dai ta yi ƙarfin halin faɗa. Ni da na san cewa shekara uku na yi ina koya wa yarinyar farauta tun a gida ina hana ta karatu, wata uku kacal Baba ya samu ya gyara, ban buɗe baki na kare shi ko sau ɗaya ba. Ana faɗa ina sunkuyar da kai, mutane suna ɗauka biyayya ce.

Abin da ban zata ba, washegarin fitowar sakamako Ummi ta ɗauki littafinta bayan la'asar ta nufi zaure, ba wanda ya aike ta. Suka ci gaba kamar ba abin da ya faru. A hankali kife littafin ya ragu, ta fara haɗa jimla uku, sannan sakin layi guda, har ta kai tana karantawa tana dariya tun kafin ta fassara masa abin dariyar. Baba bai ga ƙarshen abin ba. Wata bakwai bayan nan ya yi zazzaɓin kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Da shekara ta zagayo Ummi ta amsa tambaya goma cif, har ta samu lokacin sake dubawa, sunanta ya fito a sama. Kun san inda karatun ya kai ta. Yau tafinta ce a kotu, mutum yana tsaye gaban alƙali, abin da zai same shi yana rataye a kan ko ta gane maganarsa.

Bayan rasuwar Baba na jefar da farauta. Na riƙa zaunar da yara uku-uku, ɗaya ya ja baƙi, ɗaya ya fassara, na ukun ya yi ta tambaya har sai labarin ya tsaya da ƙafarsa, kuma tun daga aji huɗu nake farawa don saurin ya zo da kansa. Da abin ya yi kyau, masu duba makarantu suka zo suka gani, suka sa masa sunana, hanyar Malam Umaru. Na gyaɗa kai na karɓa. Lokacin da abin yake abin zargi na Baba ne, da ya zama abin yabo sai ya zama nawa. Labarin bakin ƙofar makaranta ma ban san wanda ya fara gyara shi ba, na dai san na ji ana faɗa ban musa ba.

Da aka tashi daga walimar nan, Ummi ce ta dawo da ni gida a motarta. Muka zauna a zauren, inda yanzu babu komai sai tabarma da akwatin littattafan Baba. Na yi ta maza na tambaye ta abin da na shekara talatin ina tsoron tambaya.

"Ummi, kin taɓa faɗa wa wani abin da na ce miki a bakin ƙofar makarantar nan ranar jarrabawa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

Har na sauke ajiyar zuciya, sai ta ƙara da cewa:

"Amma Kaka ya sani. Ranar da na koma da littafina ya tambaye ni, me Tica ya ce miki kafin ki shiga? Na yi shiru. Ya sake tambaya, na sunkuyar da kai. Sai ya ce, to, na gane. Tsoro ya ji miki, ki bar shi a tsakaninmu. Buɗe inda muka tsaya."

Wata bakwai ke nan ina durƙusawa a gabansa kowace safiya, yana ce mini Tica ya ajin, yana jin abin da ake faɗa a kansa a cikin gidansa, bai taɓa nuna mini ko a fuska ba. Na dubi inda buzunsa yake zama, na yi kukan da ya kamata in yi tun yana da rai.

To, kun ji yadda aka yi. Idan za ku ba 'ya'yanku labarin nan, ku cire sunana daga inda ba wurinsa ba. Wadda ta ƙi barin mutum a cikin rijiya yayarku ce. Hanyar kuwa ta Malam Bukar ce na Jakara, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Ku sa shi a addu'a, ni kuma ku roƙa mini gafara.